Mazaunin Kek na Baba Tela

Injin ya shigo gidanmu ne da ƙarya, kuma da ni aka shirya ƙaryar. Mijin 'yarmu Auta, wanda muke kira Injiniya ko da yake a ɗakin magani yake aiki, ya sayi wani ɗan injin sassaƙa katako don sha'awa, irin wanda ake zana masa abu a kwamfuta shi kuma ya bi zanen ya yanka. Sai suka zo wata Asabar shi da Auta suka ce wai gidansu ya yi musu kaɗan, maƙwabta suna ƙorafin ƙara, a taimaka a ajiye musu shi a garejinmu. Gidansu ya ninka namu. Maigida ya san haka sarai, amma bai tanka ba, don a lokacin ya daina tankawa a kan komai.

Wata goma sha ɗaya ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo, yana ɗan jan ta. Bakin ma ya dawo, sai dai kamar bai ga abin da zai yi da shi ba. Hannun ne ya ƙi. Mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana ɗinki, har unguwa ta manta sunansa sai Baba Tela, ya koma zama a kujera bakin taga, hannun a kan cinya ya rufe shi da ƙaramin tawul. Aka rufe shago, kekunan suka tafi hannun wasu. Teburin yanka kaɗai na hana a fitar, yana jingine a gareji bayan tsohon firiji.

Ba mutuwa nake tsoro ba, likita ya ce zuciyarsa ƙalau take. Tsorona shi ne in ƙarasa rayuwata da wani baƙo mai ladabi, wanda in na miƙa masa shayi zai ce ya gode, in na zabga gishiri a miya zai cinye ya ajiye cokali. Ni da na yi shekaru ina koyar da 'yan aji uku, in dawo gida in tarar da wanda ya fi su gardama. Gardamar nan da nake ƙorafi a kanta tun ina amarya, ita nake nema ido rufe, na rasa.

Makonni uku injin yana gareji, Injiniya yana zuwa duk Asabar ya kunna shi, ya bar ƙofar da ke tsakanin gareji da falo a buɗe kamar ya manta. Injin ɗan abu ne, bai wuce faɗin ƙaramin teburin shayi ba: shimfiɗa a ƙasa, gada a sama, a jikin gadar kuma akwai ɗan abu mai juyawa da ke riƙe da wani siririn ƙarfe mai kaifi da suke kira haƙori. Injiniya mutumin kirki ne amma hannunsa ba na sana'a ba ne. Auta tana yin kek na sayarwa, ta kama ɗan shago mai tagar gilashi, tana son abin da za ta ɗora kek a kai masu wucewa su gani, sai mijinta ya ce shi zai yi mata. Abin da ya fito daga hannunsa ya fi kama da murfin rijiya. Auta ta kawo shi falo tana yaba shi da ƙarfi, ta ajiye a kan hannun kujerar babanta, ta shige kicin.

Ina leƙe ta bayan labule. Maigida ya daɗe bai kalle shi ba. Can sai ya sa babban yatsan hagu ya bi gefen katakon a hankali, tun daga inda ya fara har ya dawo wurin. Washegari da hantsi ya tambaye ni ko yaron nan ya bar kwamfutarsa.

Ranar Asabar ya tara mu, ya yi magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa a shekarar.

"Na san abin da kuke yi, ba yaro ba ne ni. Zan gwada sau ɗaya. In ya yi, ya yi. In bai yi ba ku kwashe kayanku, kada wanda ya sake kawo mini abin wasa gidan nan."

Auta ta ce to, Baba. Injiniya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na san shi, in ya ce sau ɗaya to sau ɗaya ne.

Koyon zanen ya ci wata guda. Hannun hagu bai san komai ba sai riƙe yadi, yanzu an ce ya ja layi. Zai nufi nan, kibiyar kwamfutar ta tafi can. Injiniya ya rubuta masa matakan a takarda da manyan baƙaƙe, ya manna a bango, ya yi wayo ya rage zuwa. Ni aka bar wa aikin ɗaure katako a shimfiɗar injin da sukurori, tunda wannan sai da hannu biyu, kuma aka gargaɗe ni kada in yi magana. Na yi alkawari. Na saɓa kusan kullum, bai taɓa mayar mini ba. Ya lalata ragowar filawud ya fi goma yana yanka da'ira, manya da ƙanana, har na fara ɗora tukwane a kansu.

Mazaunin kek ɗin kashi uku ne a zanensa. Faranti a sama, gindi a ƙasa, sai wuya a tsakiya. Za a haƙa rami mai zagaye a ƙarƙashin farantin, wani a saman gindin, wuyan ya shiga duka biyun da gam. Da Injiniya ya ce zai sayo katako mai kyau, Maigida ya girgiza kai, ya nuna bayan firiji da haɓa.

Muka kwantar da teburin a tsakar gareji. Ban taɓa kallonsa da kyau ba sai ranar. Duk fuskarsa zanen almakashi ne, da tabon dutsen guga guda biyu, da wani gefe da ya yi baƙi saboda gogar cikinsa. Gara ta cinye rabi, tsagewa ta raba sauran. Da ya gama aunawa da tef, wuri ɗaya ne tak mai lafiya, wanda zai ba da faranti da gindi, ba ƙari. Ya zagaye shi da alli. Sannan ya sa na ɗauko masa maganaɗisun da yake tsince fil da shi a shago, ya riƙa bin katakon da shi taƙi-taƙi, don ya ce in haƙorin injin ya ci karo da ƙarfe zai karye. Karyayyun allurai bakwai muka zaƙulo da fil guda huɗu. Na zuba su a murfin kwalba na rasa dalilin da ya hana ni zubarwa. Wuyan kuma daga ƙafar teburin aka yanko shi, tunda dama zagayayya ce. Injiniya ya datsa da zarto ya tafi.

Ranar yankan Laraba ce, bayan azahar. Na ɗaure katakon, fuskarsa a ƙasa, na ja sukurorin har sai da ya gyaɗa kai. Ya sa ɗan guntun takarda a ƙarƙashin haƙorin, yana sauke shi kaɗan-kaɗan yana motsa takardar, har ta fara ɗan kamawa. Nan ne injin zai ɗauka saman katako. Ya sa tabarau, ya miƙo mini nawa, ya danna.

Ba zan iya faɗin yadda yammacin nan ya wuce daidai ba. Rana ta shigo ta ƙaramar tagar gareji ta tsaya a kan injin, garin katako yana tashi a cikinta yana juyawa a hankali, ba ya sauri ba ya sauka. Haƙorin yana zagaye, ya dawo, ya ƙara nutsewa kaɗan, ya sake zagaye. Ƙarar da na tsana makonnin baya ta zama wani gunji iri ɗaya, da ke sa fatar ido nauyi. Sai ƙanshin ya taso. Na ɗauka katakon da ya shekara arba'in ya gama fitar da abin da ke cikinsa, ashe ajiya ya yi. Man keke na ji, da alli, da ƙaurin yadin da guga ya daɗe a kansa.

Ina zaune a kan kujerar roba na jingina da firiji, ban san lokacin da garejin ya faɗaɗa ba. Na ga shagon farko, mai ƙofa ɗaya, da labulen da yake ɓoye kayan da bai gama ba in masu su sun zo. Na gan ni da cikin fari na kawo masa abinci, yana tsaye bakin teburin nan da tef a wuya, fil uku a baki, yana yi wa wani mai ƙaton ciki bayanin cewa ba wandon ne ya tsuke ba. Na ji ƙarar almakashi a kan katako, wannan ƙwas-ƙwas ɗin mai nauyi da nake jiyowa tun daga bakin titi. Na ga wata shekarar kuma, Auta tana rarrafe a ƙarƙashin teburin, ta cika baki da ƙyalle. Duk suna nan a cikin hasken, garin katakon yana sauka a kansu, ba wanda ya damu. Na buɗe ido na ga tsoho mai furfura ya sunkuya kan injin, leɓensa yana motsi yana bin zagayen, na rufe ido na ga saurayin. Na yi ta yin haka da gangan, buɗe, rufe, kamar yarinya.

Da injin ya yi shiru sai da na ɗan jima kafin na gane a ina nake. Farantin da gindin suna kwance a cikin katakon, 'yan gadoji huɗu sirara suna riƙe da kowanne don kada ya kuɓuce lokacin yanka. Na datse su da ƙaramin zarto. Da muka juya farantin, duk zanen almakashin nan yana fuskarsa, ya ce kada a goge da sanfefa sai gefe kawai. Gefen kuwa sumul, ya yi masa 'yan lanƙwasa kamar bakin siket. Wallahi abin ya yi kyau. Na ga kuncinsa na dama, wanda ba ya motsi sosai, yana ƙoƙarin bin na hagu.

Ya kafa gindin a kan benci, ya ɗauki wuyan ya zura a raminsa. Ya shige ba tare da ya taɓa ko'ina ba. Ya ɗora farantin a sama, ya sake shi. Farantin ya karkata hagu, ya tsaya yana kallonmu a karkace. Ya taɓa shi da yatsa, ya koma dama.

Ya cire, ya auna wuyan, ya auna ramin, ya sake aunawa. Ramin ya fi wuyan faɗi da milimita uku, na sama da na ƙasa duka. Na fara zagin injin, na ce dama kayan yanzu ba su da amana. Ya buɗe kwamfutar ya duba lambobin, ya daɗe yana kallo.

"Ba injin ba ne," ya ce. "Ni na ƙara. Wuya ne. Ban taɓa yanka wuya daidai da awo ba, sai na bar rara don kada ya shaƙe mai shi."

Shekara arba'in da ɗaya yana barin wurin numfashi a wuyan riga, hannunsa ya mutu amma wannan bai mutu ba, ya bi ta hagun ya shiga kwamfuta ba tare da ya sani ba. Da wata rana ce da na yi dariya har na faɗo daga kujera. Ya cire tabarau ya ajiye, ya zare wayar injin daga bango, ya nannaɗe ta a tsanake da hannu ɗaya ya ɗora a kan shimfiɗar. Ya ce in gaya wa yaron nan ya zo da mota ranar Asabar. Ya ja ƙafa ya koma kujerarsa, ya gyara tawul ɗin.

Na bi shi falo na sauke masa abin da ke cikina na wata goma sha biyu. Na ce milimita uku ce za ta mayar da shi gawa a bakin taga? Na ce ni ban auri kujera ba. Na ce mutane nawa suka dawo masa da kaya sau uku yana gyara har sai sun zauna, yau shi ne mai sau ɗaya? Na faɗi wasu abubuwan da ba zan maimaita ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce in yi haƙuri. Wannan haƙurin ya fi zagi ciwo. Na shiga kicin na yi kuka a kan kwanukan da ban wanke ba.

Washegari da safe na shiga garejin ni kaɗai, ba don ina da dabara ba, don dai na kasa zama. Na cusa takarda a ramin, wuyan ya tsaya a karkace. Na gwada ashana, suka kakkarye. Na yago ƙyalle daga tsohon zani na naɗa wa kan wuyan, ya tattare gefe ɗaya ya ƙi shiga, na danna da ƙarfi, ya zame ya faɗi ƙasa ya gangara ƙarƙashin firiji. Ina durƙushe ina laluben sa da tsintsiya ina yi masa Allah ya isa, sai na ga silifas ɗin Maigida a bakin ƙofa. Ban san tun yaushe yake tsaye ba.

"Malama, wa ya koya miki naɗi haka?"

Na ce ba wanda ya koya mini, mijina tela ne amma ya yi ritaya daga magana.

"Ƙyalle ba zai zauna ba. Zare ake sawa. Mai kauri, na maɓallin kwat. Akwai a aljihun tsohuwar jakata."

Na kawo. Ya zauna a bakin benci, ya shafa gam siriri a kan wuyan, ya ɗora bakin zaren. Nan aikin ya tsaya. Ana bukatar abin da zai danne katakon da bakin zaren, hannu kuma yana naɗawa, shi kuwa hannu ɗaya gare shi. Ya gwada da haɓa, wuyan ya mirgina. Na miƙa hannu zan riƙe, ya ce in bari, ni ba na jin ƙarfin jan, zan sake masa a inda bai kamata ba.

Ya dubi katakon. Sannan ya cire tawul ɗin daga cinyarsa ya ajiye a gefe, ya sa hannun hagu ya ɗago na daman, ya kwantar da shi a kan wuyan, ya gyara babban yatsan har ya hau kan bakin zaren. Rabona da ganin hannun nan a fili tun asibiti. Ya rame, fatar ta yi laushi, kantar almakashi ta ɓace. Ba ya iya kamawa, amma yana da nauyi, nauyin kuma ya isa.

Ya fara naɗi. Kowane zagaye yana kwanciya a jikin ɗan'uwansa, ba hawa ba giɓi, in ya kai ƙarshe ya shafa gam ya dawo. Hasken safiya bai kai tagar ba tukuna, garejin yana da ɗan duhu da sanyi, ba abin da ake ji sai numfashinsa da kwarkwaron zaren yana birgima a kan benci. Sau biyu yana tsayawa ya gwada a ramin ya ce saura. A karo na uku ya sunkuya ya datse zaren da haƙori. Ya juya wuyan, ya sake ɗora hannun da kansa, ya yi wa ɗaya kan.

Wannan karon sai da na taya shi dannawa. Wuyan ya shiga gindin da wata 'yar ƙara, farantin ya hau, ya zauna. Ya tura shi da yatsa ta hagu, ya tura ta dama, ya ɗora tafin hannu ya jijjiga. Ko gezau. Ya ce a ɗora masa abu mai nauyi a bar shi sai gobe, in gam ya kama a shafa mai. Na ɗauko tukunyar ƙarfe na kifa a kai. Ban tambaye shi maganar Asabar da mota ba, tsoro nake ji.

Na juya zan fita in ɗora ruwan shayi, sai ya ce in tsaya.

"Wa ya ɗinka miki wannan rigar?"

Tun da aka rufe shago nake kai ɗinki wurin wani a bakin kasuwa, riguna biyar ya yi mini, na sa su a gabansa kullum bai taɓa ɗaga ido ba. Na gaya masa.

"Kafaɗar ta zame. Kuma dubi inda ya sa miki hannu, kamar na aro. Da wannan kike fita cikin mutane, kina matata? Juyo nan."

Na ce rigata lafiyarta ƙalau, kowa yana yabawa. Ya ce kowa makaho ne. Na juya masa baya, ya tsunkule kafaɗar da yatsu biyu ya ɗaga, yana ta mita a kan mutanen da ke sayen keke kafin su koyi awo. Hawaye yana zubo mini har wuya, ban share ba don kada in motsa. Ya ce in tsaya da kyau mana, ya zai ga tsawon in ina rawar jiki.